Sai Ƙafa Ta Taɓa Ƙasa

Gidanmu na Zangon Kwatano a kan kwana yake, daidai inda lungunmu mai yashi ke faɗawa babban titin da aka shimfiɗa wa duwatsun siminti, wanda mu can muke kira pabe. A zauren gidan na kafa keken ɗinkina tun bayan rasuwar mijina, saboda haka duk abin da ya faru a mahaɗar nan a kan idona ya faru, ni kuwa ba mai kawar da kai ba ce. Mai gidan ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Ungozoma ce da ta yi zamani. Kafin matan Zango su saba da zuwa asibiti haihuwa, ita ake buga wa ƙofa, kuma da wuya ka ɗaga ido a unguwar nan ba ka ga wanda ta yanke wa cibi ba.

Da ƙarfi ya ja baya ta ajiye aikin, sai ta koma zaman ƙofar gida. Kujerar roba ce da ita, da 'yar buta, da carbi. Tun da hantsi take fitowa, ba ta sayar da komai, ba ta jiran kowa, gaisuwa kawai take karɓa. Kuma ba ta kiran mutum da sunan da liman ya raɗa masa. Ita da yadda ka zo duniya take kiranka. Akwai mai jinkiri, wanda ya wahalar da uwarsa kafin ya fito. Akwai mai ƙaton kai, wanda yanzu Alhaji ne mai shagon atamfa. Akwai wanda ya ƙi kuka. Manyan mutane da gemu da furfura, a gaban 'ya'yansu take kiransu haka, su amsa suna washe baki.

Wanda ta fi ji da shi a cikinsu shi ne na ranar ruwa. Ɗan gidan mahauta ne, an haife shi wata damina da ruwa ya ci unguwa, har Gwaggo ta ratsa ruwa iya cinya kafin ta kai ga uwarsa. Ta ba da labarin nan har na haddace, kuma kowace shekara ruwan yana ƙara zurfi a bakinta. Shi ma ya gaji sana'ar gidansu. Kullum da safe zai wuce da daron nama ɗaure a bayan babur, kuma bai taɓa wuce ta da baki rufe ba.

Da aka gama aikin pabe, mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka kafa jan allo a bakin lungunmu, jikin katangarmu. Allon nan ne mai kusurwa takwas da ke cewa a tsaya kafin a shiga babban titi. Mun karɓe shi hannu bibbiyu, don a Zango ba a barin ƙarfe tsaye yana zaman banza. Aka riƙa shanya masa tabarma. Masu biki suka riƙa ɗaure igiyar rumfa a jikinsa. Masu sanarwar wa'azi da masu maganin basir suka lulluɓe fuskarsa da takardu. Idan Layya ta matso, fataken da ke zuwa daga arewa su ɗaure masa raguna har ya karkace. Kowa ya ci moriyar allon nan, tsayawar ce kawai ba wanda ya yi.

Ƙofarmu tana gaba da allon kaɗan, tana kallon pabe. Wanda ya fito daga lungu a kan babur ba ya ganin Gwaggo sai tayarsa ta gaba ta riga ta leƙa titi. A nan ne zai juya kansa dama, wajen kujerarta, ya ɗaga hannu ya dunƙule, ya ce, “Inna, barka da hutawa!” Kuma ai ba a gai da babba da hagu. Da hannun dama ake yi, hannun da ke riƙe da birki. Motocin da suka fi kusa da shi kuwa daga hagu suke zuwa. Shekara da shekaru haka ake yi, ido a dama, hannu a sama, babur na gangarawa cikin titi, mu kuma muna yaba tarbiyyar yaran Zango. Ni kaina in wani ya wuce bai ɗaga hannu ba sai na bi bayansa da tsaki.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Ina cikin datse wuyan wata riga na ji muryar ɗan mahautan nan: “Inna, an tashi lafiya?” Na ji ta fara amsawa, “Lafiya lau, na ranar…” Ba ta ƙarasa ba. Wata akori-kura ce ɗauke da buhunan siminti ta taho daga hagu. Direban ba gudu yake ba, kuma hanyarsa ce, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ƙarar da na ji ba ta da girma ma, amma har yau in tukunya ta faɗi a tsakar gida sai in zabura.

Ko da na fito, nama ya watsu a kan titi, babur yana gefe tayarsa na juyawa, shi kuma yana kwance ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Gwaggo, wadda sai an kama ta take tashi daga kujera, ta riga kowa isa wurinsa. Ta zauna dirshan a cikin ruwan titi, ta ɗora kansa a cinyarta, ta cire mayafinta ta ɗaure ƙafar da shi, tana ba da umarni kamar tana ɗakin haihuwa. Wannan ya kawo katako, wancan ya tsai da mota, mata su ja baya su ba shi iska. Sai da motar da ta ɗauke shi ta ɓace sannan ta miƙe, ta ɗauki kujerarta da kanta, ta shige gida.

Ba ta sake fitowa ba. Da farko na ɗauka gajiya ce. Da mako ya zagayo na ce, “Gwaggo, in fitar miki da kujera?” Ta ce in bar ta inda take. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba makawa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “Na sani, Malam. Amma ni na kira idonsa. Da ba na zaune a wurin, da hagunsa ya duba.” Liman ya yi addu'a ya tafi.

Na ji tsoro ƙwarai a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Matar da ke cinye tuwonta ta leƙa kwanona, sai ga shi ana mayar da abincinta kusan yadda aka kai. Ƙafafunta suka kumbura saboda zama. Tsokana ta ƙare, faɗa ma ya ƙare, ni kuwa na gwammace ta zage ni da wannan shirun. Gaisuwar mutane ce ke riƙe da ita, ita kuma ta yanke wa kanta hukuncin cewa gaisuwar nan tana karya ƙafafun 'ya'yanta. Na ga alamar in aka ci gaba a haka, a ɗakin nan za mu rasa ta.

Ita ke aikena asibiti wajen na ranar ruwa da farfesu. An sa masa ƙarfe a ƙafar, ya daɗe a kwance. Duk lokacin da na ce, “Gwaggo na gaishe ka,” sai ya ce yana amsawa, ya juya fuska bango. Da aka sallame shi ya koma wajen dangin matarsa can gefen unguwar Sant-Rita, don lungunmu yashi ne, sanda ba ta tafiya a cikinsa. Bai zo ba, bai aiko ba. Kullum da yamma in na kai mata ruwan alwala sai ta ce, “Ba wanda ya zo?” In lissafa mata duk waɗanda suka leƙo, ta kawar da kai, don ni da ita mun san wanda take tambaya. Ta sa a ranta cewa yana riƙe da ita.

Abin da ita ba ta gani daga ɗaki, ni ina ganinsa daga zaure. Ɓuyanta bai hana kowa juya kai ba. Da can kallo ɗaya suke yi su ɗaga hannu su wuce. Yanzu kuwa sai su ga wurin kujera wayam, su miƙa wuya suna leƙen zaure ko za su hango ta, wasu har da kiran, “Ina Inna? Yaya jikin nata?” alhali babur ya kai tsakiyar titi. Rannan mai jinkiri ya fito da matarsa a baya, ita kuma da goyo, yana leƙe yana tambayata. Wani ɗan zem, cikin masu haya da babur ɗin nan masu rawayar riga, ya taho daga hagu. Allah ne kaɗai ya sa ya kauce, har gwiwarsa ta shafi zanen matar. Ya tsaya ya zazzaga musu zagi da Fonanci, yaren 'yan garin, kuma a ranar ban ga laifinsa ba.

Na ture keke na shiga ɗakinta ko sallama ban yi ba. Na ce, “Gwaggo, wannan zaman naki wa yake yi wa amfani? Yanzun nan saura ƙiris a kwashe mai jinkiri da matarsa da jaririnsu, kuma ke yake nema. Kina waje suna kallonki, kina ciki suna nemanki. Gara ma da kina wajen, aƙalla ba sa daɗewa.”

Na ɗauka za ta ce in fita mata daga ɗaki, don ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Sai ta ce, “Miƙo min mayafina, 'yar nan. Ki kuma kira min mai shayi, ya zo da babur ɗinsa.”

Mai shayin da ke kallon gidanmu ya turo babur ɗinsa yana mamaki. Gwaggo ta fito tana dafa bango, hasken rana yana sa ta runtse ido. Ita ba ta taɓa riƙe kan babur ba a rayuwarta, sai dai a goya ta. Ta ce ya hau, ya nuna mata abin da kowane hannu yake yi. Ya nuna mata. Ta ce, “Wanne ne na tsayawa?” Ya matsa birkin dama. Ta ce, “To gaishe ni.” Ya saki birkin ya ɗaga hannu, sai shi ma ya tsaya yana kallon hannun nasa. Ta sa shi ya koma cikin lungu ya turo babur a hankali, ita tana biye da shi tana duban inda idonsa ke zuwa. Suka yi haka har mutane suka fara taruwa. Daga nan ta tsaya a gindin jan allon, ta ja baya kaɗan zuwa cikin lungu, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Nan za a kawo kujerar.”

Na ce mata wurin nan rana ce ke dukansa tun daga hantsi, kuma ba za ta riƙa ganin masu wucewa a pabe ba, abin da ta fi so ke nan. Ta ce ta ga pabe ya ishe ta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi allon ta ce, “Wannan kuma a wanke masa fuska.” Ni da matan gida muka kwaso soso da omo da wuƙa muka kankare takardun nan ɗaya bayan ɗaya, mai shayi ya taya mu miƙar da ƙarfen. Sai ranar wasu suka san cewa akwai rubutu a jiki.

Washegari wanda ya fara faɗawa hannunta shi ne Alhaji mai ƙaton kai. Ya taho cikin babbar riga, ya hango ta, murna ta kama shi, ya ɗaga hannu yana tafe: “Inna! Barka da fitowa!” Gwaggo ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai duban hadari. Ya wuce, ya shiga titi, sai ga shi ya zagayo ya dawo, ya tsaya a gabanta ya sa ƙafa ƙasa.

“Inna, lafiya? Na gaishe ki ba ki amsa ba.”

“Au, ka yi gaisuwa? Kunnen ya tsufa, mai ƙaton kai. Ba ya jin gaisuwar da ke gudu.”

“To ga ni na tsaya. Barka da fitowa, yaya ƙarfin jiki?”

“Yanzu na ji. Jiki alhamdu lillahi. Mayar da hannunka inda yake. Duba hagunka. Duba dama. Sake duba hagu. To, Allah ya tsare.”

Kafin azahar labari ya gama Zango: Inna ta fito, amma ba ta amsa gaisuwa sai ƙafa ta taɓa ƙasa. Ba ta taɓa cewa doka ce ba, ba ta ambaci allo ba, ba ta yi wa kowa wa'azin hatsari ba. Ta dai san ba ɗan Zangon da zai iya kwana da sanin cewa ya gai da matar da ta yanke masa cibi ta yi masa shiru. Abin da ya fi burge ni da ita ke nan. Al'adar da ta karya ƙafar ɗanta ba ta zage ta ba, ba ta ce a bari ba, matsar da ita ta yi 'yan taku zuwa baya.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Mai jinkiri, wanda saboda shi aka yi duk wannan, shi ya fara ƙorafi. Ya rage gudu yana jan ƙafa a yashi, wai shi ya tsaya ke nan, ya ce, “Inna, a yi haƙuri, sauri nake.” Ta ce, “Sauri? Kai? Ranar da na zauna jiranka tun safe har rana ta yi sanyi, ka ji na ce ina sauri?” Mutanen teburin mai shayi suka kwashe da dariya. Ya tsaya cak, ya gaishe ta, ya duba hagunsa har da ƙari.

Da ta zauna a wurin sai ta fara ganin abin da mai babur ke gani, ko in ce abin da ba ya gani. A kwanar hagu akwai wata Bafona mai sayar da lemo da abarba a ƙarƙashin wata ƙatuwar lema, lemar nan ta tare rabin titi, ko ka duba hagu ita za ka gani. Gwaggo ta tsallaka da sandarta, da ɗan Fonancinta na kasuwa, ta zauna a bencin matar suka yi ta hira. Ban san abin da suka ƙulla ba. Na dai ga washegari lemar ta ja baya zuwa jikin katanga, kuma daga ranar duk mai zuwa gai da Gwaggo a gida sai ta aike shi ya sayo mata lemo a can, ko da akwai wani a kwano.

Da Layya ta zo, fatake suka iso da ragunansu suka nufi allon kamar kullum. Ta ce musu a'a, wannan ƙarfen yana da aiki yanzu, su ɗaure a ƙarfen tagar zaurenmu. Tagar da nake ɗinki a gindinta! Na yi kwanaki ina ɗinka kayan Sallar mutane cikin warin raguna, wani har ya ci min gefen leshi. Na yi mita har bakina ya gaji, ta ce in rufe taga. Masu biki ma ta hana su igiya, ta ce su kafa rumfarsu can cikin lungu. Ita kanta da muka yi mata 'yar inuwa da buhu saboda rana, sai da ta sa aka tsaya daga nesa aka tabbatar ba ta rufe allon ba.

Mai unguwa, wanda muke kira shef kartiye, ya ga abin ya yi masa kyau, ya je meri ya yi magana. Suka turo ma'aikata suka ja farin layi a bakin lungun, a kan 'yan duwatsun da suka shigo ta wajenmu. Sai dai duk ruwan da aka yi, yashi ya gangaro ya binne shi. Sharar layin nan ta zama aikina na safe, ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

'Yan zem da sauran baƙin da ba su san ta ba, su ba ruwansu da cibi. Da farko in na gabansu ya tsaya sai su danna ham su cika unguwa da ƙara, wasu su ratsa ta gefe. Har yau akwai masu ratsawa, kuma ba zan ce an daina gogar juna a mahaɗar nan ba, Kwatano ce. Amma lungun ƙunci gare shi, in na gaba ya tsaya dole na baya ya tsaya. Sannu a hankali wasunsu suka saba, har suka fara sa ƙafa ƙasa suna cewa, “Bonjur, Mama.” Ita kuma ta nuna musu hagu da carbinta. Wani ɗan zem da ke kawo min yadi daga kasuwa ya ce min ko a wata unguwa ya ga jan allo, sai ya ji kamar tsohuwar nan tana kallonsa.

Jikinta ya dawo. Ta koma leƙa kwanona, ta koma tsokana. Amma tambayar yamma ba ta daina ba, kuma na lura duk ƙarar babur da ta taso daga cikin lungu sai ta ɗan gyara zama, in ta ga mai shi ta koma ta jingina. Raina ya ɓaci da na ranar ruwa sosai. Na ce a zuciyata ko ita ta tura motar ai ya ci a ce ya huce.

Matarsa ce ta warware min, ranar da ta kawo ɗinkin yara. Na kasa haƙuri na ce mata, “Wai mijinki gaba yake da Gwaggo ne?” Ta riƙe baki ta ce, “Gaba? Yaya, kunya ce ke cinsa. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, likita ya ce haka za ta zauna. Cewa yake, saboda shi tsohuwa ta shige ɗaki, sannan ya je ya tsaya mata a ka kamar sanda? Ya ce gaisuwar da ke wuyansa ta mai cire takalmi ce ya durƙusa, shi kuwa ba zai iya ba. Kullum yana gwadawa a ɗaki, yana dafa gado.” Ta ce ya koma aiki ma, ya sami ƙaramin babur irin wanda ba a sa masa giya da ƙafa, amma ta bayan unguwa yake zagayawa don kada ya bi ta gabanta.

Da na gaya wa Gwaggo sai ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, “Wawan yaro. Tun yana ciki yake da taurin kai.” Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, “Ki ce wa matarsa ya zo a kan babur ɗin. Kada ya sauka.”

Bai zo washegari ba, bai zo jibi ba. Wata safiya ina share layin sai na ji babur yana tahowa daga can cikin lungu a hankali. Ashe ya zagaya ta bayan unguwa ne don ya fito ta inda ake fitowa. Ya rame, ya yi furfura a gemu, daron nama na ɗaure a baya kamar da. Ƙafar hagun a miƙe take, ya ɗora ta a gaba. Na ja tsintsiyata na matsa gefe.

Ya tsaya daidai layin. Ya kama cinyarsa da hannu ya sauke ƙafar, ta sauka a yashi a miƙe. Bai iya kallonta ba, kansa a ƙasa ya ce, “Inna, an tashi lafiya?” Ya ƙara da cewa, “Ki gafarce ni, ba na iya durƙusawa.”

Gwaggo ta sunkuya daga kujerarta ta dubi ƙafar, ta daɗe tana dubanta.

“Tana ƙasa?”

“Tana ƙasa, Inna.”

“To na amsa. Lafiya lau, na ranar ruwa.”

Ta ƙarasa masa amsar da ta yanke a bakinta tun waccan safiyar. Ni dai na juya baya ina share inda na riga na share, don hawaye sun hana ni gani. Na ji yana jan hanci, na ji tana yi masa faɗan ramar da ya yi, tana tambayar ko matarsa ba ta ba shi abinci ne. Wani ɗan zem ya iso bayansa ya tsaya, bai danna ham ba.

Sannan ta ce, “Mayar da hannunka. Nama zai sha rana.”

Ya ɗaga ƙafar da hannu ya mayar, ya kama birki. Ta ce, “Duba hagunka.” Ya juya ya duba, titin ba kowa, amma bai motsa ba sai da ta ce ya duba dama, ya sake duba hagu. Ta ce Allah ya tsare. Ya shiga pabe a hankali, ta bi shi da ido har katangarmu ta tare mata shi. Da yamma na kai mata ruwan alwala, ta karɓa ba ta tambaye ni ko wani ya zo ba.